Akushin Baba a Bakin Kanal

A ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure, ba a tafiya haka kawai. Duk wanda ka gani a hanya yana da inda za shi. Ko fartanya ce a kafaɗarsa, ko kwandon tumatir a kansa, ko kuma rasuwa aka yi a ƙauyen gaba yana sauri ya sami jana'iza. In kuwa aka ga babban mutum yana takawa a bakin kanal hannu rabbana, ba ya sauri, bai nufi gonar kowa ba, to ɗayan biyu za a ce: ko kansa ya taɓu, ko yana leƙen amfanin gonar mutane ne. Haka muka tashi muka tarar, kuma wannan ɗabi'ar ce ta so ta cinye ƙafar mahaifina.

Wata safiya ce ta rani. Baba yana tsugune yana gyara bututun da ke jawo ruwa daga kanal zuwa fangalin albasarsa, ya zo tashi, ƙafar hagu ta ce ba ta san zancen ba. Aka kwashe shi sai asibiti a Kano, aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin jiki. Allah ya taƙaita abin, bakinsa bai karkace ba, hannun ma ya dawo kafin a sallame mu. Ƙafar ce ta rage tana jan ƙasa. Ranar da za mu taho, likitar da ke yi masa gashin ƙafa ta ja ni gefe ta ce, "Sauran maganin ba a kanti yake ba. Ya yi tafiya kullum, ko yana so ko ba ya so. In ya zauna, ƙafar nan za ta sandare, daga nan sai keken guragu." Na dawo gida da maganar nan tana yi mini yawo a ka.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Aurena a cikin ƙauyen yake, sana'ata ɗinki, don haka ni ce mai iya rufe keke in fito da la'asar. Ƙannena maza, wannan yana Kano, wancan gona ta riƙe shi. Sai dai kowa ya san yadda uba yake da ɗan fari a wurinmu. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce, ko "waccan", in kuma magana ta yi tsawo sai ya faɗa wa Inna, mahaifiyata, ina zaune ina ji. Mutumin da ba ya haɗa ido da ni, shi aka ce in riƙa fita da shi yawo. Da na miƙa hannu zan tallafe shi a ƙofar gida, kallon hannun ya yi kamar na miƙo masa garwashi. Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba, na bi shi a baya.

Ba mu wuce masallaci ba babur ya tsaya.

"Baba, ina zuwa da ranar nan? Hau in kai ka."

Na ce, "Likita ce ta ce ya taka."

Mai babur ɗin ya dube ni sama da ƙasa. "Haba Yaya, ki ji tsoron Allah mana. Dattijo da ciwo a jiki ki sa shi a gaba kamar za ki kai shi kiwo?"

Baba ya dubi babur ɗin. A ganinsa mutum ya tsaya ya girmama ka, ka ce masa a'a, wulaƙanci ne. Kuma in ya ƙi hawa, me zai ce? Ina za shi? Ba shi da amsa. Sai ya ɗaga ƙafar da ƙyar ya hau, aka zagaya da shi aka sauke shi a ƙofar gidan da ya fito. Na dawo ni kaɗai ina huci.

Haka muka yi ta yi. Yau babur, gobe keke, jibi amalanken shanu. Har mai ɗaukar taki ya taɓa share bayan kurarsa ya ce a ɗora shi. Na bi gida gida ina roƙo, na ce don Allah in kun gan mu ku gaishe shi ku wuce. Kowa ya ce to, amma da sun hango shi yana jan ƙafa sai zuciya ta karye, birki ya kama. Ban taɓa jin haushin kirkin mutane ba sai a lokacin. Mutanenmu za su iya kashe ka da tausayi, kuma su zo ta'aziyya suna kuka da gaske.

Daga baya Baba ya daina fita gaba ɗaya. Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, rediyo a kunne, ya ce wa Inna, "Ki faɗa wa waccan ni ba mahaukaci ba ne. Na gaji da a riƙa tambayata ina za ni ina rasa abin faɗa." Ina kallon ƙafar tana ramewa, yatsun suna lanƙwashewa ciki. Sallah ma a zaune ya koma yi. Tsoro ya kama ni sosai, in kuwa na ji tsoro faɗa nake yi. Na yi da mijina, na yi da ƙannena a waya, har da akuyar Inna ban bari ba.

Inna ce ta kwance abin, ita da ba ta je asibiti ta ji bayanin likita ba. Ta ce mini, "Ke kina fama da shi ta inda ba ƙofa. Mutumin nan ba zai taka don ƙafarsa ba. Aiki za a ba shi." Ta shiga ɗaki ta jawo wani faffaɗan akushi daga ƙarƙashin gado, baƙi wuluk, bakinsa ya suɗe don tsufa. Na san shi tun ina ƙarama, amma ban taɓa ganin an ci tuwo a ciki ba.

Akushin yana da labari. Kafin ruwan madatsar Tiga ya iso mana ta kanal, in damina ta wuce babu abin yi a ƙauyen sai zaman gindin bishiya. Samari sukan tafi cin rani. Baba yana cikin waɗanda suka riƙa zuwa tsaunukan kudu, inda Turawa suka bar ramukan haƙar kuza, mutane kuma suna wanke yashin rafi suna neman zinariya. Da akushin nan yake regewa, kamar yadda mace take rege shinkafa ta fitar da tsakuwa. Da ruwa ya zo mana aka fara noman rani, ya ajiye shi bai sake komawa ba. Kowa a garin ya san da wannan, har tsofaffi sa'anninsa suna tsokanarsa da mai zinariya.

Inna tana sayar da soyayyar gyaɗa, irin wadda ake soyawa da yashi. Ta ajiye akushin a gabansa ta ce, "Malam, yashin da yaran nan suke kawo mini duk laka ne, gyaɗata tana fita da ƙasa, masu saye suna ƙorafi. Wankakke nake so, na wurin da ƙaramin kanal yake zubowa. Kuma duk garin nan ban ga mai wanke yashi kamarka ba." Ya daɗe yana kallon akushin. Ya shafa bakinsa da babban yatsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A miƙo mini sandata."

Abin mamaki, akushin ya yi abin da bakina ya kasa. Babur ya tsaya kamar kullum, Baba ya ɗaga akushin ya ce, "Aiki zan yi nan gaba kaɗan, je ka abinka, Allah ya yi albarka." Mai babur ya wuce ransa fes. Ashe amsa kawai yake nema tun farko.

Wurin da ruwan yake zubowa ba nisa gare shi ba ga mai lafiya, amma a ranar farko sai da muka huta a gindin kowace bishiya. Da muka isa ya zauna a kan simintin bakin ruwa, na ɗebo masa yashi. Hannuwansa suka kama aiki kamar jiya suka bari. Ya juya akushin a hankali, ruwa yana zagayawa yana kwashe laka, yashin yana kwanciya fari tas. Yana yi yana magana, ba da ni ba, da ruwan. A nan na fara jin labarin wata hanya ta can tsaunukan kudu: daga bukkokin lebura ka wuce wata tsamiya mai kogo, ka ratsa tsakanin duwatsu biyu da sai ka karkace kafaɗa, sannan ka gangara rafi. Kullum sai ya bi hanyar nan da baki, ni kuma ina zaune ina ji kamar ba na ji.

Inna ba ta ƙoshi da yashi. Yau ta ce ya yi laushi, gobe ta ce ya yi tsakuwa, a gwada na can gaba. Bayan ɗakinta ya cika da tulin yashi har kaji suka mai da shi wurin wanka. Mu kuwa kullum muna ƙara nisa, hutun yana raguwa, jan ƙafar yana sauƙi.

Abin da ba mu lissafa da shi ba, idon mutane. Tsohon mai zinariya, da akushinsa na da, kullum a bakin ruwa yana rege yashi yana kaiwa gida a ɓoye a bayan ɗaki. Ga shi yashin kanal yana da wani ƙyalli-ƙyalli in rana ta haska shi. Ga samarinmu da suka je ramukan gwal na nesa suka dawo da labari a baki. Ba wanda ya tambaye mu, don tambayar dattijo sirrinsa rashin kunya ne. Sai kowa ya yanke hukunci a zuciyarsa.

Wata safiya ƙanena ya faɗo gidanmu yana haki. Ya ce mutane sun cika bakin kanal da shebur da diga, suna haƙa a jikin gaɓar ƙasar da ta riƙe ruwan, wai akwai gwal. Mai unguwa ya je ya yi magana, suka ce manya ne suke so su ci su kaɗai. Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da zai faru in gaɓar ta fashe. Gonakin ƙasa za su nutse, na gaba kuma su bushe, ga tumatir ya fara ja. Gonar Baba ma tana cikin na ƙasan.

Ban taɓa ganin Baba ya miƙe da sauri haka ba tun da ya kwanta. Ya ɗauki akushi ya fita, na bi shi da mayafi a hannu. A ranar ko babur ɗaya bai tsaya mana ba, duk an jingine su ana haƙa.

A ramin farko ya ce wa mai shebur, "Zubo mini wanda ka fi yarda da shi." Aka zubo. Jama'a suka kewaye shi. Ya rege a gabansu har ya rage ɗan ƙyallin nan a gindin akushi, ya ɗebo shi a yatsa, ya bari ya sha iska, ya busa. Ya tashi kamar dusa.

"Zinariya ba ta tashi," in ji shi. "Nauyi gare ta. Ni gyaɗar tsohuwa nake wa aiki, ku kuma za ku kashe mana ruwa a kan dusa. Ku mayar da ƙasar nan, ku daddaɓe ta da kyau ina kallo."

Wani ya ce ai na can gaba ya fi ƙyalli. Baba ya ce a je. Haka muka yi ta bi, rami bayan rami, yana regewa, yana busawa, yana faɗa, ana mayar da ƙasa. Wasu suna dariyar kansu, wasu suna sulalewa da sheburinsu a bayan riga. Ni ma na sami inda zan sauke haushina, na ce wa mai babur ɗin nan na farko, "Yau ba ka ga dattijo a rana ba ke nan?" Ya sosa ƙeya.

Sai da muka kai babbar ƙofar ruwa, inda kanal yake rabuwa biyu, sannan ramukan suka ƙare. Na waiwaya, na hango hasumiyar masallacinmu ta koma 'yar mitsitsiya. Sannan na lura da abin da ke hannuna. Sandarsa ce. Ya jingine ta a ramin farko don ya riƙe akushi da hannu biyu, na ɗauka, shi kuma bai neme ta ba. Na juya baya na goge idona da mayafi don kada ya gani. Ranar dai a babur ya koma gida, kuma ni da kaina na tsayar masa da babur ɗin.

Bayan kwana biyu yana cin tuwo ya ce wa Inna, da murya yadda zan ji, "Ƙafar da ta kai babbar ƙofa, ko za ta iya kaiwa tsamiyar nan?"

Muna da maƙwabci mai gyaran injin ban ruwa, Kirista ne mutumin Filato, ya daɗe a cikinmu har muna ce masa Kawu. Mahaifinsa ma leburan kuza ne, don haka shi da Baba ba sa rasa hira. Da ya ji maganar ya ce, "Baba, ai hanyan gidanmu ne. Ka bari a gama kwashe tumatir, ni zan kai ka da motana." Da aka gama kwasa ya tambayi lafiyar hanya, aka ce lafiya lau, muka kama hanya da sassafe mu uku.

Baba bai gane wurin ba da farko. Ramukan da yake ba da labari sun cika da ruwa sun zama tafkuna, kore shar, itatuwan turare da mangwaro sun kewaye su. Inda bukkokin lebura suke an share an sa benci-benci, wata mata tana suyar awara, wani yana sayar da rake. Mutanen ƙauyen wurin sun gyara tsofaffin hanyoyin ƙafa, sun jera duwatsu a gefe an shafa musu farar ƙasa. Ga 'yan makaranta an kawo su a bas suna ta ɗaukar hoto. Ga kuma manyan mutane, wasu da furfura, suna tafe a hankali hannu a baya, ba kaya ba fartanya.

Baba ya kasa haƙuri. Ya tare wani dattijo mai takalmin kambas, suka gaisa, ya ce, "Malam, ina zuwa haka?"

Mutumin ya ce, "Babu ko'ina, Alhaji. Ƙafa nake miƙewa."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. In na zagaya tafkin nan sai in ji daɗin jikina."

Baba ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Kawu yana ta dariya.

Tsamiyar tana nan da kogonta. Baba ya dafa ta. Daga nan hanya ta fara hawa, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Kawu ya wuce gaba, ni ina gefe da sanda a hannu ko za a nema. Da muka zo tsakanin duwatsun nan biyu, gangaren ya yi tsayi, ƙafar hagu ta fara rawa. Na miƙa masa sandar. Bai karɓa ba. Sai na ji hannunsa a kafaɗata, da nauyinsa duka. Tun ina yarinya ban san nauyin hannun mahaifina ba sai ranar. Muka gangara tare, ba wanda ya dubi wani, zuciyata kuwa kamar ta fashe don daɗi.

A bakin rafi na zaci zai nemi akushi, don na taho da shi a jaka. Bai nema ba. Ya zauna a kan dutse ya tsoma ƙafafunsa a ruwa, yana motsa yatsun hagu yana kallonsu. Ya ce duk abin da ya samu a rafin nan, in aka tara, ba zai cika 'yar kwalbar turare ba. Sannan ya ɗaga kai yana duban tsaunin, da tsuntsayen da ke shawagi a kansa.

"Na bi hanyar nan safe da yamma rani bayan rani," in ji shi, "idona a ƙasa. Ashe haka wurin yake da kyau."

Wannan karon ba da ruwa yake magana ba. Ni ya juyo ya faɗa wa.

Da muka dawo gida Inna ta ce yashi ya ishe ta har jikokinta. Na ji gabana ya faɗi, don na san ba aiki ba fita. Washegari da la'asar na rufe keken ɗinki na zo da shirin faɗa, na tarar tabarmar gindin darbejiya a naɗe. Akushi yana rataye a bango, sanda tana jingine a zaure. Na leƙa waje, na hango shi ya doshi bakin kanal shi kaɗai, hannuwansa a baya, ƙafar hagu tana ɗan jinkiri amma tana ɗagawa. Na bi shi daga nesa.

Bai wuce masallaci ba babur ya tsaya, mutumin nan dai na ranar farko.

"Baba, ina zuwa? Hau in kai ka."

Na tsaya cak ina jiran in ga ya ɗaga ƙafa ya hau.

Baba ya ce, "Babu inda za ni."

"To ai sai in mayar da kai gida."

"Yawo nake yi," in ji Baba, da ƙarfi yadda na zaune a ƙofar masallaci za su ji. "Allah ya mayar mini da ƙafata, zan kai ta ta ga gari. In kana so ka girmama ni, kafe babur ɗin ka zo mu taka."

Mai babur ya dubi mutane, ya dubi Baba. Sai ya kashe injin ya jingine shi a jikin bango. Na tsaya ina kallonsu suna tafe a bakin ruwa, babba da yaro, ba kwando ba fartanya, har masarar gonar gaba ta rufe su.